Kada Rediyo Ya Zaɓa Maka Wanda Za Ka Zarga

Ɗana, ka saurare ni da kunnen basira. Mutanen nesa da yawa ba su taɓa jin sunan Diffa ba sai a watan Fabrairun 2015, lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da garin Diffa. Tun daga nan, in an ambaci jiharmu a labaran duniya, kusan kullum tare da bindiga da sunan addini ake ambatonta.

Ba ƙarya 'yan jarida suka yi ba. An kashe bayin Allah, an kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur, dubban mutane sun bar bakin kogin Komadugu sun kafa bukkoki a gefen kwalta. Amma ɗan jarida inda aka yi ɓarna yake zuwa. Ba ya zuwa Fulatari ya ɗauki makiyayin da ya tsai da garkensa ya yi taimama ya ba da farali, ko almajiran da ke zagaye da wutar kara da asuba, kowa da allonsa a cinya. Ba ya ba da labarin magidancin da ya buɗe zaurensa ga 'yan gudun hijira daga Damasak alhali shi ma rumbunsa bai cika ba. Musulunci ya zauna a ƙasar Kanem-Borno tun ƙarni na 11, amma shekarun fitina kaɗan sun so su rufe wannan tarihi duka.

Abin da ya fi damuna shi ne mu kanmu mun fara kallon juna da idon labarai. A ga mai gemu da ɗangalallen wando a fara raɗa, a ga almajiri a matsa gefe, a ji mutum daga tsibiran Tafkin Chadi ya fito a ɗaure fuska. Wannan zalunci ne, kuma mai fitina yake yi wa daɗi.

Ka kuma tuna cewa wa'azin Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, ta kaset da katin memori na waya ya shiga kunnuwan matasa. Yau WhatsApp ya gaji kaset. Za a turo maka guntun wa'azi na minti ɗaya, an yanke kai an yanke gindi, ba ka san malamin ba, ba ka san inda ya yi karatu ba. Kada ka tura. Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari.

Ka ji rediyo, domin rashin sani ya fi dare duhu. Amma addininka ka koye shi a gaban malamin da aka san asalinsa da malamansa, maƙwabcinka kuwa ka auna shi da zaman da kuka yi. Allah Ya zaunar da Diffa lafiya, Ya shirya mana zuri'a.