Murjanin Kaka

A wani gida da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ringim akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka, har da waɗanda ba jikokinta ba. Ba mai dukiya ba ce, amma tana da abin wuya na murjani, ja mai ɗan duhu, ƙwayoyin tsakiyarsa kamar 'ya'yan magarya. Gadonsa ta yi wurin mahaifiyarta, wadda mijinta ya sayo mata shi a Kano da kuɗin gyaɗa, a shekarun da dogo ya ratsa Ringim ya nufi Nguru, wajen 1930.

Ranar Juma'a take sa shi, sai kuma sallah da suna. Sai ta gama shafa mai, ta sa turare ya bushe, ta ɗaura ɗankwali, sannan ta ɗauko shi. In ta dawo, tun kafin ta cire mayafi take kwance shi. Ta jiƙa wani tsohon farin ƙyalle mai laushi da ruwan randa, ta matse sosai, ta bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta bar su su sha iska a inuwa, ta naɗe, ta sa a kumbonsa shi kaɗai. 'Yan kunnenta na zinariya da tsakiyarta suna wani kumbon daban. Jikoki sun taso suna ganin haka, sun ɗauka tsirfar tsufa ce, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Da bikin babbar ƙawar jikarta Auta ya zo, cikin zafin bazara, sai Auta ta durƙusa gabanta tana roƙon aro.

"Kishiya, kin ƙwace min miji, yanzu kuma murjanina kike so?" in ji Kaka tana dariya. Ta jima tana juya kumbon a hannu kafin ta miƙa. "Shi ne na ƙarshe a sawa, shi ne na farko a cirewa. In wani abu ya same shi, kada ki taɓa, ki kawo min shi yadda yake."

Auta ta ce to, amma hankalinta na kan anko. Ranar kamu ta sa shi tun da hantsi, ta fesa turare a kansa, ta shafa humra a wuya, ta tsuguna kan kaskon turaren wuta tare da sauran 'yan mata. Kwana uku yana jikinta, da shi take rawa, da shi take kwana, gumi na bin zaren. Da aka kai amarya ta cire shi, sai ta ga hasken ya dusashe, yana danƙo a hannu. Gabanta ya faɗi. Wata ƙawarta ta ce ai abu mai sauƙi ne, lemon tsami da toka, yadda ake sa tasa ta yi ƙyalli.

Da dare Auta ta matse lemon tsami a kofi ta tsoma murjanin. Ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikin ƙwayoyin, ta ji daɗi, a zatonta datti ne ke fita. Ta goga masa toka, ta mayar cikin kofin, ta kwanta. Da asuba ta tsamo abin da ba ta gane ba: jan ya koɗe, fari-fari ya hau kansa, santsin ya tafi, yana kartar yatsa. Garin neman gira an rasa ido.

Har nan, kuskuren yarinta ne da kowa zai iya yi. Abin da ta yi bayansa shi ne mai ciwo. Ta fasa asusunta, ta shiga kasuwa ta sayi jan abin wuya na roba mai kama da shi a wurin masu koli, ta naɗe a farin ƙyallen, ta mayar da kumbo. Ta san idon Kaka ya yi yana, ta ce a ranta ba za ta gane ba.

Juma'a ta zagayo. Kaka ta buɗe kumbo, ta ɗaga abin a tafin hannu, ta yi shiru. Ta kanga shi a kumatunta. Sannan ta kira, ba da sunan wasa ba.

"Auta, zo nan. Wannan na wace ce?"

Roba ba ta da nauyi, kuma ba ta da sanyin nan da murjani ke yi in ya taɓa fata. Hannun da ya shekara fiye da sittin yana shafa abu ba ya bukatar ido. Auta ta fashe da kuka, ta ɗauko na gaskiyar daga ƙasan adudunta. Kaka ta shafa shi, hawaye ya zubo mata.

"Ɓarna ba ta ba ni haushi ba, 'yar nan, kaya ne. Amma ki dube ni da makantata ki sa min roba a kumbon uwata?"

Kwana biyu ba ta yi mata magana ba. A na uku ta ce ta shirya. Suka hau mota ta Gezawa, suka sauka 'Yankaba, suka shiga Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A wani lungu suka sami wani dattijo mai sayar da duwatsun ado. Ya karɓa, ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya nuna wa Auta wasu siraran layuka da ke bin jikin wata ƙwaya da tsamin bai ci sosai ba.

"Kin ga wannan zanen? Na gaske ne. 'Yata, wa ya ce miki dutse ne? Murjani ƙashin wata halitta ce ta cikin teku. Asalinsa ɗaya da ɓawon ƙwai da alli. Kumfar da kika gani, jikinsa ne ke narkewa."

Gaskiya ya faɗa. Jan murjani a Bahar Rum yake fitowa, kuma garin Torre del Greco da ke kusa da Napoli a Italiya ya daɗe da shahara wajen sarrafa shi. Kafin dogo ya iso Kano a 1911, ayarin raƙuma ne ke kawo irin waɗannan kayan ado daga Tarabulus, ta Gadamas da Gat da Agadas. Reshen murjani a ƙarƙashin ruwa ba ya ƙara kaurin ko milimita 1 a shekara, don haka ƙwaya mai kauri ta yi shekaru masu yawa tana girma kafin a ciro ta. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, murjani bai wuce 3 zuwa 4 ba, alhali yashi da tsakiya suna wajen 7. Shi ya sa ko ƙurar hunturu, in aka goge ta da busasshen tsumma, karce shi take yi, kuma shi ya sa Kaka ba ta haɗa shi da tsakiya a kumbo ɗaya. Gumi ma yana da ɗan tsami, turare da hayaƙi kuma suna shiga ƙofofin jikinsa.

Dattijon ya ciro wani koren awarwaro daga akwati. Ya ce 'yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou ne suka kawo masa, dutsen jed ne, wanda mutanen Sin ke ji da shi, mafi tsadarsa kuma daga ƙasar Bama ake haƙo shi.

"Wannan ya fi naku tauri nesa ba kusa ba. Amma su ma ba sa daka ko wanki da shi a hannu, don bugu ɗaya yana tsaga shi. Ruwa mai ɗumi da ƙyalle kawai. Kowane da irin abin da yake so."

Kaka ta tambaya ko nata zai gyaru. Ya ce jan murjani har cikinsa ja ne, za a goge saman da ya mutu a fito da na ƙasa, sai dai ƙwayoyin za su ɗan rage jiki. Uku daga ciki, waɗanda suka kwana a gindin kofi, sun yi ramuka, ba su da magani. Zaren ma ya ruɓe, zai sake sabo, ya yi ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta don kada su riƙa gogar juna, in kuma ya tsinke kada su watse. Ya faɗi kuɗin aiki. Kaka ta ce daga adashin Auta za a biya, Auta ta ce ta yarda.

Sun miƙe za su tafi, Auta ta sake durƙusawa.

"Baba, don Allah, Innata tana da tsakiya da munduwar azurfa da ta yi baƙi. Su kuma da me ake wanke su?"

Ya ce tsakiya ruwa da ɗan sabulu ya ishe ta, a shanya zaren ya bushe sosai kafin a adana. Azurfar kuwa ta zo da ita ranar da za su karɓi murjanin, ya gani da idonsa tukuna, don ba kowane farin ƙarfe ne azurfa ba. Kaka ta dafa kafaɗarta ta ce, "Tashi, kishiya, kada motar Ringim ta cika ta bar mu."