Shin Kwafar Ƙa'ida Ma Sata Ce?

Mai karatu, akwai tambayar da ta daɗe ta na ci min tuwo a ƙwarya. Duk mun yarda cewa wanda ya kwafi fim ko littafin wani ba da izini ba ya ci haƙƙi. To amma fa yaron da ke koyon aikin haɗa kwamfutoci? Takardar da ta fayyace yadda a ke shimfiɗa wayoyin sadarwa a gini, mai lamba ISO/IEC 11801, sayar da ita a ke yi, kuɗin kuma na ƙasar Suwizalan. Ga shi an nuna masa inda zai samu kwafi a intanet ba ko sisi. Ya ɗauka ko ya bari?

Masu sayarwa na da hujja. Sun ce da kuɗin takardun a ke riƙe ofis, a tace rubutu, a buga. Gaskiya ne, ba a yin aiki da iska.

Sai dai ni a gani na, ƙa'ida daban, fim daban. In ba ka da kuɗin fim ka haƙura, ba abin da zai same ka. Ƙa'ida kuwa cewa a ka yi dole ka bi, in ka saɓa a ce aikin ka bai yi ba. Yaya za a ɗora wa mutum sharaɗi, sannan a ce sai ya biya kafin ya ji mene ne sharaɗin? Kuma injiniyoyin da su ka zauna su ka rubuta, galibin su ba sa samun ko kwabo daga cinikin, kamfanonin su ne ke biyan su.

Tarihi ma ya ce wani abu. Takardun RFC, waɗanda a kan su intanet ta tsayu, tun na farkon da Steve Crocker ya rubuta a 1969 kyauta su ke. Kishiyar su, tsarin OSI, takardun sa na kuɗi ne. Ɗalibai su ka rungumi abin da hannun su ya kai, OSI ya koma darasin aji. Ba wannan kaɗai ya kayar da shi ba, amma ya taimaka. Daga baya ƙungiyar IEEE ta riƙa sakin ƙa'idojin 802 (su Ethernet da Wi-Fi) kyauta bayan wata 6 da fitowa, hukumar ITU ta buɗe nata a 2007. A 2024 kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ƙa'idojin da su ka zama ɓangaren doka, jama'a na da haƙƙin ganin su.

Ba zan ce wa yaron nan ya ɗauka ba, don haƙƙin mallaka na nan, doka ba ta ɗage shi ba. Ya fara da na kyautar, su na da yawa. Amma in ya ɗauka don ya koyi sana'a, baki na ba zai iya kiran sa da sunan da na ke kiran mai buga faifan wasu ya kai kasuwa ba.