Ka Kwana a Garin Kafin Ka Kwaso Kaya

Karatu: Farawa 13:8-13, Littafin Ƙidaya 13:17-33

Duk baƙon da ya fara shigowa Wudil ranar Juma'a sai ya ɗauka kuɗi a ƙasa suke zube. Kara cike da shanu, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu, daga gada har cikin gari ba masaka tsinke. A irin wannan rana wani ɗan'uwa ya zo. Ya koma gida ya sayar da gonarsa, ya kama shago da ɗaki a nan Sabon Gari, ya biya hayar shekara, ya kwaso iyali. Bai taɓa ganin Talatar Wudil ba, bai kuma san yadda ciniki ke kwanciya in ɗaliban jami'a suka tafi hutu ba. Kafin damina ta wuce ikilisiya ce take haɗa masa kuɗin makarantar yara.

Haka Lutu ya yi. Kallo ɗaya ya yi wa kwarin Urdun, ya ga ruwa da ciyawa, ya zaɓa. Bai tambayi su wane ne mazauna Saduma ba. Ka san yadda ya fito daga can: ba garke, ba mata.

Musa kuwa mutum 12 ya aika Kan'ana, suka yi kwana 40. Ya ce su duba mutanen, da garuruwan, da ƙasar ko tana da albarka, su kuma ɗebo 'ya'yan itatuwanta. Saboda haka kada kowa ya ce maka bincike rashin bangaskiya ne. Ina jin wannan magana a bakin matasanmu masu ɗokin Abuja da Legas, ba na kuwa yarda da ita.

In zuciyarka tana jan ka wani gari, je kai kaɗai tukuna. Sauka wurin wani mai bi, ka yi ko da mako 2. Ka ga garin ranar da ba kasuwa. Tambayi kuɗin haya, ka ga inda ake ɗiban ruwa. Nemi inda za ka yi sujada, ka zauna da faston, ka ji yadda masu bi suke zama da maƙwabtansu. Kada ka yanke shawara matarka ba ta sa baki ba.

Amma ka lura, mutum 10 daga cikin 12 ɗin nan sun ga komai daidai, duk da haka tsoro suka kawo gida. Joshuwa da Kalibu sun ga ƙattin nan su ma, sai dai sun riƙe alkawarin Allah. Ka ware kwana ɗaya na azumi a cikin garin, ka bar Ruhu Mai Tsarki ya yi magana. In ya ce zauna inda kake, ka dawo ba kunya.

Addu'a: Ya Uba, ka san garin da yake raina. Kada ka bar idona ya riga muryarka. Ka buɗe ƙofar in taka ce, ka rufe ta in ba taka ba ce, cikin sunan Yesu. Amin.