Ko Neman Lissafi Rashin Amincewa Ne?

Shekara ta zo ƙarshe, lokaci kuwa ya yi da ƙungiyoyinmu za su zauna su ji labarin kuɗinsu: zumuntar mata, da matasa, da mawaƙa, har da ƙananan ekklesiyoyi na ƙauye. A wurare da yawa ma'aji yakan tashi ya ce an sami kaza, an kashe kaza, saura kaza. Jama'a su ce madalla, a yi addu'a, a watse. Idan kuwa wani ya ɗaga hannu ya ce a nuna littafi, sai ka ga fuskoki sun sāke, ma'aji ya ce, "Ashe ba ku amince da ni ba?" Daga nan bakin kowa ya mutu. To, bari mu auna wannan magana. Mai neman lissafi daga wurin ɗan'uwansa, ya yi masa laifi ne?

Kada mu rena dalilin waɗanda su ke jin nauyin tambaya. Ma'ajinmu ba a biyansa ko kwabo. Sau da yawa dattijo ne, ko uwa wadda ta goyi rabin 'yan ƙungiyar, mu kuwa an koya mana kunyar manya tun muna yara. Mun kuma san zato zunubi ne. Har ma akwai masu kawo shaida daga Littafi Mai Tsarki, gama cikin 2 Sarakuna sura 12 an faɗa cewa sa'ad da a ke gyaran Haikali, ba a nemi lissafi daga wurin mutanen da su ke biyan ma'aikata ba, saboda amincinsu. Su ce, idan an yi haka a Urushalima, don me ba za a yi a wurinmu ba?

Amma mu karanta surar daga farkonta. Sarki Yowash ya fara barin kuɗin a hannun firistoci, kowa ya karɓa daga wurin idon saninsa, ya yi gyara da shi. Har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara kome ba. Kuɗi suna shiga, bango yana nan a tsage. Sa'an nan Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye shi kusa da bagade. In kuɗi sun taru, magatakardan sarki da babban firist su kan zo tare, su ƙirga, su ɗaure cikin jaka. Kuɗin gyara kuwa ba a yi tasoshin azurfa ko ƙahoni da su ba, kuɗin hadayar laifi kuma ba a garwaya su da na gyara ba. Ga mutum biyu wurin ƙirga, ga kowane kuɗi a wurinsa. Amincin nan da a ka yaba ya tsaya ne cikin shirin da a ka gyara, aikin magina kuwa kowa yana ganinsa da ido.

Haka kuma Ezra ya yi. Da za su tashi daga bakin kogin Ahawa su koma Urushalima, sai ya keɓe mutum 12 daga cikin manyan firistoci, ya auna musu azurfa talanti 650 da zinariya talanti 100, da tasoshi. Da su ka isa, a rana ta huɗu a ka sāke aunawa cikin gidan Allah, a ka rubuta nauyin duka. Ezra ne da kansa ya zaɓi mutanen, ya kira su tsarkaka, duk da haka a ka auna sau biyu. Manzo Bulus ma, sa'ad da ya ke tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya ƙi ɗaukar kuɗin shi kaɗai. Cikin 2 Korintiyawa sura 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ekklesiyoyi da kansu su ka zaɓa, da wani kuma na uku, domin kada kowa ya sami abin zargi. Ya ga bai isa Allah kaɗai ya san shi mai gaskiya ne ba, sai mutane ma su sami hanyar gani. In Bulus bai ɗauki wannan abin kunya ba, wane ne a cikinmu zai ɗauka?

Wanda lissafi ya fara tsarewa shi ne ma'aji kansa. Ran da ya yi sabuwar riga, ko ya sa wa ɗakinsa kwano, za a yi raɗa a bakin rijiya, shi kuwa ba shi da abin da zai kāre kansa in ba littafi. Akwai kuma jaraba. Da wuya ma'aji ya tashi da niyyar sata. Yaro ne ya kwanta ciwo da dare, kuɗin ƙungiya kuwa suna cikin akwati, sai ya ce bari in ara, in mayar ran kasuwa. Ran kasuwa ta zo, wata bukata ta taso. Bayan shekara biyu, mutumin kirki ya zama mai ɓoye littafi. Mu da mu ka bar shi shi kaɗai da jaka, ba mai dubawa, muna da rabo cikin faɗuwarsa. Mun tuna mai riƙon jakar almajirai goma sha biyu, da abin da Yohanna ya faɗa a kansa cikin sura 12.

Lissafi yana tsaron mai bayarwa kuma. Gwauruwar da ta sayar da itace ta sa naira ɗari cikin baiko ta ba Allah ne, amma ta hannunmu ta bayar. Tana da iko ta san inda kuɗinta su ka tafi. In ba ta sani ba, ba za ta yi faɗa ba, sai dai hannunta ya yi sanyi. Mukan yi wa'azi a kan rowa, alhali sau da yawa duhun lissafinmu ne ya rufe hannun jama'a.

Ga wani abu kuma da ba mu cika lura da shi ba. Ana iya karanta lissafi wanda kowace lamba a cikinsa gaskiya ce, amma jama'a su tashi da ƙarya a zuciyarsu. Saboda haka masanan lissafi su kan fara rubuta ka'idodin da su ka bi kafin su kawo jimla, mu ma ya kamata mu yi haka.

Na fari, alkawari. A ce ran taro an yi alkawarin naira 500,000 domin rufin majami'a, amma abin da ya shigo hannu 320,000 ne. Ma'ajin da ya ce mun tara 500,000 ya ruɗi jama'a, gama mai sayar da kwano ba ya karɓar alkawari. Ga ƙaramar ƙungiya ya fi sauƙi a rubuta kuɗi ran da su ka shigo, a rubuta kashewa ran da a ka biya, sauran alkawarai a nuna su daban.

Na biyu, kuɗin da a ka bayar domin wani aiki musamman. Wanda ya ba da domin rufi bai ba da domin abincin baƙi ba. In an haɗa duka cikin jimla ɗaya, ƙungiya za ta zaci tana da yalwa, ta ci kuɗin rufi ba ta sani ba. In bukata ta matsa har a ke so a juya su, sai a koma wurin jama'a a nemi yardarsu a fili.

Na uku, baiko na amfanin gona. Ran godiyar kaka a kan kawo dawa, da masara, da doya, da kaji. Buhun masara da kaka yana da araha, da damina kuwa ya yi tsada. Sai a rubuta buhu nawa a ka karɓa, da ranar da a ka sayar, da wanda ya saya, da nawa. Ya fi kyau kada shugabanni su sayi kayan ƙungiya a ɓoye, ko da sun biya daidai.

Na huɗu, bashi. Ƙungiyar da ta ke da naira 80,000 a hannu, amma kafinta yana binta 100,000, ba ta da saura. A faɗi wanda mu ke bi da wanda ya ke binmu. Na biyar, a tsai da ranar da shekarar lissafi ta ke farawa da ranar da ta ke ƙarewa, a bi hanya ɗaya kowace shekara, a ajiye na bara kusa da na bana. Wanda ya sāke mudu tsakanin bara da bana bai faɗa ba, ya yi algus ko da bai ɗauki ƙwaya ɗaya ba.

Waɗannan ba su bukatar babban ilimi. Mutum biyu su ƙirga baiko tare kafin a bar majami'a, su sa hannu. Kada a biya kome ba tare da rasit ba. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a cire. Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, mutane da yawa sun saba aika kuɗi ta waya. Kada a yarda irin wannan baiko ya shiga asusun ma'aji na kansa, gama daga nan ko shi ba zai iya raba nasa da na ƙungiya ba. Kafin taron shekara a zaɓi mutum biyu waɗanda ba sa cikin kwamiti su duba littafi da rasit. Sa'an nan a karanta lissafin da ƙarfi, a hankali, cikin harshen da kowa ya ke ji, domin tsofaffin da ba su iya karatu ba. A Nijeriya, ƙungiyar da ta yi rajista da hukuma tana ƙarƙashin dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta 2020, wadda ta wajabta mata ba da rahoto kowace shekara. Abin kunya ne gwamnati ta tilasta wa masu bi abin da Ezra ya yi da yardar ransa.

Mu masu tambaya ma akwai namu. Tambaya tana iya fitowa daga ƙauna, tana kuma iya fitowa daga kishin matsayi, jama'a kuwa sun san bambanci. In an ga giɓi, kada a yi shela. Sau da yawa kuskuren haɗa jimla ne, ko rasit ya ɓace. A fara zuwa wurin ɗan'uwan a kaɗaice, yadda Ubangiji ya koya cikin Matta sura 18. In ya ci ne, ya tuba ya biya, a gafarta masa da zuciya ɗaya, amma a ba wani jakar, gama ba ƙauna ba ce a mai da mutum bakin ramin da ya faɗa. In kuwa lissafi ya fito daidai, a tashi a gode masa a gaban kowa.

Ya ku ma'ajiyanmu, kada ku jira a tambaye ku. Ku kawo littafi da kanku, ku buɗe shi a kan tebur, ku ce a duba. Dukanmu wakilai ne a kan abin da ba namu ba, ranar tana zuwa kuma da Maigida zai zauna ya yi lissafi da bayinsa. Bari mu saba da buɗe littafi a gaban 'yan'uwa tun yanzu.