Tawakkali da Kula da Mota: Ina Ƙaddara Ta Tsaya, Ina Sakaci Ya Fara?

Daga kasuwar kayan gwari ta Farin Gada a Jos, motocin J5 da Kanta ne ke kwasar tumatir, kabeji, karas da attaruhu zuwa Abuja da garuruwan Kudu. Kaya ne da ba sa jira, kwana ɗaya a gefen titi ya isa ya ruɓar da jarin mutum. Idan inji ya buga ko birki ya ƙwace, abin da aka fi ji shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mumini da zai musa cewa kome da ikon Allah yake faruwa. Abin tambaya shi ne ko wannan imani yana wanke wanda ya ga alamar lalacewa ya kau da kai. Ra'ayina shi ne ba ya wanke shi, domin kula da mota yana cikin tawakkalin kansa.

Galibi injin gas ba ya mutuwa haka siddan, sai ya yi ta gargaɗi tukuna. Daga man gas ɗin ne famfo da nozul suke samun santsi, shi ya sa man da aka gauraya da kananzir ko ruwa ke cinye su a hankali. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, mota ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi tana rasa ƙarfi. Jos na bisa tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200, ga sanyin asuba da ke tona asirin mataccen batir da hita. Baƙin man da ya wuce lokacin juye yana barin ƙarfe na gugar ƙarfe. Lagireto mai yoyo ko fambel da ya tsufa kan sa inji ya yi zafi a hawa har gasket ya ƙone. A gangaren Hawan Kibo kuwa, motar da aka yi wa lodi fiye da kima, direba ya dogara da birki maimakon ƙaramar giya, birkin kan yi zafi ya daina kamawa. Kowane ɗaya yana da sanadi sananne, kuma Allah ne Ya tsara sanadin.

Sunna ba ta bar mu cikin duhu ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Allah. A hijira an tanadi raƙuma biyu, aka ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ hayar nuna hanya, kuma ranar Uhudu Annabi ya sa sulke biyu. Lokacin annobar Sham, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanya, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa kauce wa cuta ma cikin ƙaddarar Allah yake. Idan waɗanda suka fi kowa yaƙini sun yi tanadi, da wace hujja mai mota zai ƙi duba ruwa da mai kafin ya kama hanya?

Wani zai ce ai sabuwar mota ma tana lalacewa, kuma wanda ajalinsa ya zo babu makaniken da zai tsare shi. Gaskiya ne, amma ba a kan sakamako za a tambayi bawa ba, a kan abin da aka ɗora masa ne. Direbobi biyu na iya tsayawa a wuri guda da matsala iri ɗaya: wanda ya yi iya ƙoƙarinsa jarrabawa ce ta same shi, wanda ya san tayarsa ta suɗe ya ɗauki kwandunan mutane ya ci amana. Mu ba mu san abin da aka rubuta ba, amma mun san abin da aka umarce mu.

Hujja ta biyu da wani zai kawo ta fi nauyi, wato talauci. Tun 2022 farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, kayan gyara sun yi tsada, sau da yawa kuma motar ba ta direba ba ce. Wannan yana nuna cewa nauyin a rarrabe yake: akwai kason mai mota da ke hana kuɗin juye, da ɗan kasuwa mai matsa a ƙara kwando, da makaniken da ke sa jabun kaya, da mai sayar da gurɓataccen mai. Duk da haka, kuɗin filta bai kai kuɗin sauke inji ba, kuma duba ruwan lagireto da iskar taya ba ya cin ko sisi. Wanda bai da halin gyara birki yau, ajiye motar ya fi masa, domin rayukan yaron mota da masu tafiya a ƙasa ba nasa ba ne da zai yi kasada da su.

Saboda haka ya kamata malamai masu wa'azi a tashoshi da shugabannin ƙungiyar direbobi su riƙa koyar da duba mota kamar yadda ake koyar da cika mudu, a matsayin haƙƙin mutane da za a tambaya a kansa ranar gobe ƙiyama.