Harshen Yaro da Hujjar Ƙaddara

Da wuya a shiga firamare a Maiduguri, ko a Gwange ko a Bulumkutu, a rasa yaron da ke laɓewa a bayan aji, ba ya ɗaga hannu ko da ya san amsa, don ya san da ya buɗe baki kalma za ta maƙale, 'yan aji su fashe da dariya. Wani in'ina ke damunsa, wani tsamin baki ya ƙi barinsa har ya haura shekara bakwai, wani kuwa jinsa ne ya ragu tun da ya yi sanƙarau ko ƙyanda, maganarsa ta bi bayan jin. In aka tambayi iyaye ko malamai, amsar takan zama ɗaya: haka Allah ya yi shi. Gaskiya ce, babu musulmin da zai musa. Abin tambaya shi ne ko wannan gaskiyar ta sauke mana nauyin nema wa yaron taimako. A ganina ba ta sauke ba, kuma addinin da ake fakewa da shi ɗin shi ne ya ɗora mana nauyin.

Mu fara da Annabi Musa, alaihis salam. Suratu Ɗaha ta ba da labarin cewa da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Ubangijinsa ya warware masa ƙullin da ke harshensa domin a fahimci maganarsa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, wanda Suratul Ƙasas ta nuna ya fi shi fasaha. Ga manzon da ya fi mu sanin ƙaddara, amma bai ɗauki nauyin harshe abin da za a naɗe hannu a kai ba: ya yi addu'a, ya nemi mataimaki. Sannan a duba wanda ya yi masa gori. A Suratuz Zukhruf, Fir'auna ne ya wulaƙanta shi da cewa da ƙyar yake bayyana magana. Malamin da ke kwaikwayon in'inar ɗalibinsa don a yi dariya, ko uban da ke tsawata wa ɗansa ya yi magana kamar mutane, ya kamata ya lura da sahun da ya shiga.

Wasu za su ce aikin gyaran magana baƙon abu ne da ya zo da Turawa. Wannan mantuwa ce, kuma a Borno ta fi ban mamaki, ƙasar da almajirai daga Kano da Katsina da Damagaram suka daɗe suna yi wa tattaki, suna cewa za su gabas karatu. Me gwani ke yi a tsangaya in ban da gyaran harshe? Yana sauraron yaro, ya gane inda harafi ya kauce, ya nuna masa wanda ke fitowa daga maƙogwaro da wanda ke bakin harshe, ya sa shi maimaitawa har ya zauna. Ilimin mafitar haruffa ya faro tun zamanin Khalil ɗan Ahmad da Sibawaihi a Basra, Ibnul Jazari ya ƙidaya mafita 17, Ibnu Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta risala a kan yadda sautukan magana ke samuwa a jikin mutum. Mai gyaran magana na yau ya gaji irin wannan kunnen ne, ya ƙara da gwajin ji da sanin yadda ƙwaƙwalwar yaro ke koyon harshe. In gyara harafi don karatu ya inganta ibada ce, ta ina gyara shi don yaro ya iya faɗin abin da ke ransa zai zama jayayya da Allah?

Hujja ta biyu ita ce addu'a da rubutu sun wadatar, in kuma abin ya ƙi, a kai wa wanzami ya yanke linzami. Addu'a dai babu mai raina ta, amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni da neman magani, ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Ɗaure raƙumi a nan shi ne gano musabbabi. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kusan yara 5 cikin 100 sukan yi in'ina a wani lokaci, galibi tsakanin shekara 2 zuwa 5, yawancinsu ta bar su, ta zauna wa kusan mutum 1 cikin 100, maza sun fi yawa, kuma tana bin jini. Ba daga jijiyar ƙarƙashin harshe take ba, don haka aska ba ta warkar da ita. Haka nan yaron da ke jin Kanuri a gida, Hausa a titi, Turanci a aji, yawan harsuna ba ya jawo masa lalurar magana. Mai gyaran magana ne zai bambance wanda ke koyon sabon harshe da wanda ke da matsala a dukkan harsunansa. Wanda kunnensa ke zubar ruwa kuwa, sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya fi dacewa da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jinkiri da sunan haƙuri asara ce.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta hali. Jihar da ta sha rikici tun 2009, garin da ambaliyar dam ɗin Alau ta shafe rabinsa a Satumbar 2024, ina ya ga sukunin gyaran furuci alhali ana neman azuzuwa da abinci? Tambayar tana kan hanya, kuma ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne a Najeriya. Sai dai rikicin da kansa ya ƙara bukatar, domin yaron da ya ga tashin hankali kan iya ɗauke baki, wanda ya girma a sansanin gudun hijira kuma kan rasa rigakafi da kulawar kunne. Aikin ma ba gini yake nema ba. Ƙwararre ɗaya zai iya zagaya makarantu, ya koya wa malamai su gane alamu, su zaunar da mai raunin ji a gaba, su bar mai in'ina ya ƙarasa maganarsa ba tare da an ƙarasa masa ba. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba waɗannan yara haƙƙin ilimi. A harshen fikihu, aikin nan farilla ce ta kifaya: in wasu suka yi ta sauka daga kan kowa, in aka rasa mai yi kowa ya ɗauki laifi.

Saura tsoron cewa neman gyara tamkar shaida wa yaro ne cewa halittarsa ba ta cika ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa mai karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wuya, lada biyu gare shi, don haka darajarsa ba ta rataye ga santsin harshe. Jahiz ya ba da labarin Wasil ɗan Aɗa'u, wanda bai iya furta harafin ra ba, amma ya zama gwanin huɗuba ta hanyar zaɓen kalmomin da babu shi. Manufar aikin ke nan, wadda Annabi Musa ya roƙa: a fahimci mutum. Wani yaro zai warke sarai, wani zai girma da in'inarsa amma ya daina tsoron magana, kuma duka biyun nasara ce.

Don haka iyaye da malaman boko da alarammomi, duk wanda ke da irin wannan yaro a gabansa ya yi masa addu'a, ya kai shi a gwada jinsa, ya hana a yi masa dariya, ya kuma jira shi ya gama magana. Allah ya warware ƙullin harshen 'ya'yanmu, ya ba mu haƙurin sauraronsu.