Ka Bari Ya Ba Ka Labarinsa

Ɗana, idan ƙaninka ya faɗa shan ƙwaya, kafin ka ɗaga murya ko ka nemo bulala, zaunar da shi ya ba ka labarin yadda aka fara. Ka yi shiru har ya kai aya, ko da zuciyarka na tafasa.

A ƙasarmu, daga Gazara zuwa Makarfi, Kudan da Ikara, sau da yawa a gona labarin yake farawa. Yaro ya karɓi jingar saran rake, ya ga abokin aikinsa yana sara tun hantsi har la'asar ko gezau, ya tambayi sirrin, aka miƙa masa tiramol guda ya kora da shayi. Ranar ya yi aikin mutum biyu, ya karɓi kuɗin mutum biyu. Kafin wata kaka, guda ɗaya ta daina riƙe shi. Ranar da bai samu ba kuwa, ga gumi, ga hamma, ga zawo, barci ya ƙaurace, gaɓoɓi kamar an lakaɗa masa duka. Idan ya ce maka, "Yaya, yanzu ba don daɗi nake sha ba, don in iya miƙewa ne," kada ka ƙaryata shi. Jiki ne ya saba, kuma zagi ba ya raba jiki da sabo.

'Yan'uwanka mata ma suna da nasu labarin, kunya ce ta danne shi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Wata daga cikinsu, damuwa ce ta hana ta barci, ƙawa ta kawo mata kwalbar kodin.

Kada ka kai ƙaninka gidan mari. Ka tuna Rigasa a Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, cikin neman shiriya.

In ka gama saurare, ka raka shi asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Kada ka kulle shi a ɗaki ka ce ya bari dare ɗaya, musamman wanda ya daɗe yana shan giya, domin yankewa farat ɗaya tana iya jawo jijjiga, har ta kai ga rasa rai.